Ƙafar Sarkin Noma

Ni dillalin jakkai ne a kasuwar Tawa, sunana Illa. Shekara ashirin da wani abu ina wannan aiki, kuma abu guda ya koya mini: kada ka yarda da abin da mai jaki ya faɗa sai ka buɗe bakin jakin da hannunka. Da wannan hali na je wa Majo Attahir, kuma da shi na kusa sa a yanke wa yayana ƙafa.

Yayan nawa Ma'azu ne, Sarkin Noman garinmu, can gabas da Kalfu. Sarautar ba ta gado ba ce. Dami dubu na hatsi ya noma a damina guda, ya tara mutane ya ciyar da su kwana uku, aka naɗa shi. Rumbu goma sha ɗaya gare shi. Ƙaton mutum ne, in ya zauna bisa tabarma ba ya rage wa kowa wuri. Hura kuwa, ƙwaryar da mutum uku za su taru a kanta shi kaɗai ke ɗaga ta, kuma tun da wadata ta zo ya koyi fasa sukari a ciki. Matarsa Rakia ke dama masa. Shekara talatin ba ta yarda wata ta taɓa masa ludayi ba.

Shekara ta huɗu bayan an sauke tutar Faransa, Ma'azu ya fara jin ƙishirwa wadda ruwa ba ya kashewa. Tulu a gefensa, yana sha yana zagayawa bayan gida. Jiki ya soma zubewa, riga ta yi masa yawa. Wasu suka ce bakin mutane ne, wanda ya yi dubu dole ya gamu da shi. An sha rubutu, an yi turare. Abin da kowa ya yarda da shi dai guda ne: mutum yana ramewa, a ƙara masa hura. Aka ƙara.

Da bazara, wajen sharar gona, tsinin kara ya shige masa tafin ƙafar hagu, gindin ƙaramin yatsa. Bai ji ba. Kwana uku yana yawo da shi, sai da Rakia ta ga jini a takalminsa. Wanzami ya ciro karan ya sa magani. Wata guda ciwo bai rufe ba. Ranar da na je gaishe shi, tun daga zaure na ji warin. Na san warin nan, na sha jin shi a bayan jakin da akumarin ɗaukar kaya ya ci. Ban yi shawara da kowa ba, na sa aka ɗora shi a kamiyo, babbar motar albasa, Rakia ta hau da ƙullin kayanta, muka yo Tawa.

Likitan asibiti, lokotoro muke cewa, nasara ne, farar fata. Ya duba ƙafar, ya yi magana da Faransanci, ya ɗora gefen hannunsa ƙasa da gwiwar Ma'azu ya ja. Wannan bai buƙaci tafinta ba. Sai wani siririn mutum mai farar riga, tabaransa ɗaure da zare, ya shiga yi masa magana a hankali, sun daɗe. Shi ne babban masu jinya, Attahir, kowa Majo yake ce masa. Da nasaran ya ɗaga kafaɗa ya fita, Majo ya miƙo kwalba ya ce Ma'azu ya yi fitsari a ciki.

Ni na kai masa kwalbar ɗakinsa, na ƙi fita. Ya ɗauko wata ƴar kwalba siririya kamar yatsa, ya zuba wani ruwa shuɗi, shuɗin ruwan baba na marina. Ya ɗiga fitsarin kaɗan. Ya kunna wata ƴar fitila marar hayaƙi ya riƙa kwalbar bisa wutar. Ina kallo ruwan ya yi tsanwa, ya koma rawaya, ya murtuke, ya zama ja kamar ƙasar da muke yaɓe rumbu da ita. Babu wanda ya ƙara kome. Hannunsa biyu duk ina ganinsu.

Ya ce ciwon sukari ne. Sukari ya cika jinin Ma'azu har yana zuba ta fitsari, shi ke sa ƙishirwa, shi ya kashe masa jin ƙafa, kuma muddin jinin yana haka naman ba zai haɗe ba. Na ce to da sauƙi, a daina fasa masa sukari a hura. Ya ce ba sukarin kanti kaɗai ba, hurar ce da kanta. Hatsi in ya shiga ciki sukari yake komawa.

Na ce, "Majo, hatsi ba shi da zaƙi. Na fi ka cin shi."

Bai yi gardama ba. Ya leƙa bakin ƙofa wajen mata masu hura, ya karɓo dawo ɗan dunƙule wanda ba a dama ba, ya ce in sa a baki in yi ta taunawa, kada in haɗiye sai ya gama wanke ƙafar. Na tauna don in kunyata shi. Can sai na ji bakina ya fara zaƙi, kaɗan-kaɗan, kamar an lasa mini karan rake. Na tofar na ce ya haɗa baki da matar. Na fita da kaina, na wuce ta, na saya wajen wata tsohuwa can ƙarshen layi. Na tauna. Zaƙin ya zo. Na daɗe tsaye cikin rana da dawo a baki. Shekara arba'in da biyar ina cin hatsi ban san abin da ke ɓoye cikinsa ba.

A ranar aka cire ƙaramin yatsan, don ya riga ya yi baƙi. Majo ya ɗauki wani magani mai kama da tawada ya zana layi kewaye da kumburin, ya bar tazarar yatsa biyu. Ya ce wannan shi ne abin da ya roƙo wajen lokotoro: in kumburi ya tsaya cikin layi, ƙafa ta Ma'azu ce, in ya ƙetare, ta wuƙa ce. Akwai allurar ciwon, in ji shi, amma kullum ake yin ta har mutuwa, kuma sai an ajiye ta cikin sanyi, ba abin ƙauye ba ce. Abin da ya rage mana baki ne. Babu hura, babu tuwo, babu kunu, babu shinkafa ko rogo, dabino da zuma kada su shigo ɗakin. Ya ci nama, ya ci ƙwai, cuku, kifi in an samu, ganye kowane iri, tafasa ko zogale ko kuɓewa, gujiya cikin tafin hannu, nono mai tsami daidai gwargwado.

Ma'azu ya saurare shi har ya gama. Sannan ya ce, "Duk wanga da ka lissafa mahaɗi ne. Ina abincin?"

Majo ya ce daga yau mahaɗin ne abincin.

Na kai su gidana bayan kasuwa, don ana yi masa allurar miki kwana bakwai, kuma kowace Litinin da Alhamis sai a kai kwalba. Rakia ta kama aikin da gaske. Tana dafa ganye da ƙwai tana share ido da bakin zane. Mutanen garinmu suka yi ta zuwa dubiya, kuma kowa ya san ba a zuwa wajen maras lafiya hannu sake: wannan da ƙwaryar hura, wannan da kunu, wani da sukari cikin shuɗiyar takarda. Rakia ke tare su bakin ƙofa ta karɓe ta yi godiya ta wuce da shi ɗakin matata. Mutanen gidana sun yi ƙiba a kwanakin nan. Shi kuwa Ma'azu, kowace safiya in taɓaren maƙwabta suka fara sauka bisa turmi, sai ya juya fuska wajen bango.

Alhamis ta farko ruwan Majo ya tsaya a rawaya. Litinin ya yi tsanwa-tsanwa. Warin ya ragu.

Rana ta goma sha ɗaya da la'asar, Rakia ta tafi rijiya. Ma'azu ya kira ni. Na zauna bakin tabarma. Muryarsa ta yi ƙasa, mutumin da in ya yi kira daga gona ana ji cikin gari.

"Illa, nono guda muka sha ni da kai. Rumbu goma sha ɗaya gare ni, ina wuni da yunwa gidanka. Mi na yi maka?"

Na ce ba yunwa ba ce, ga nama ya ci. Ya ce wanda bai sha hura ba bai ci kome ba, ni ma na sani. Kuma na sani. Na yi tunani irin nawa: ruwa ya riga ya sauya, ciwo ya ji tsoro, ƙwarya guda ba za ta kashe Sarkin Noma ba. Na shiga ɗakin matata na damo masa da kaina. Yadda ya riƙe ƙwaryar da hannu biyu, da yadda ya rufe ido, har yau in na tuna ban san ko in yi nadama duka ba. Washegari ya sake roƙo na sake ba shi. Jibi ma haka.

Ranar kai kwalba na ɗaga ƙyallen ƙafar da safe. Kumburin ya taso ya kwanta daidai kan layin Majo, ta wajen idon sawu. Na san abin da ruwan zai faɗa, kuma na san in lokotoro ya ga ja ga kumburi a layi, ba zai jira ba. Ban da wannan, akwai wani abu da ke cina tun ranar farko: ban taɓa buɗe bakin wannan jakin ba. Wa ya sani ko kowane fitsari aka zuba ja zai yi? Na zagaya bayan gida na cika kwalbar da nawa.

Majo ya ɗiga, ya riƙa bisa wuta. Ruwan ya tafasa. Shuɗi yake, shuɗi ya tsaya. Ya ɗaga shi wajen taga ya daɗe yana dubawa, sannan ya dube ni ta saman tabarau.

"Mai wannan fitsarin lafiyarsa lau, taurin kai ne kawai ke damunsa. Kwana nawa kana ba shi?"

Na so in yi rantsuwa irin ta kasuwa, bakina ya ƙi. Na ce uku.

Bai yi mini faɗa ba, da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ɗauki kekensa ya biyo ni gida, ya duba layin, ya karɓi fitsarin gaske, muka koma. Ja, ja wur, kamar ranar farko. Ya kashe fitilar ya ce, "Ni ka ɓoye wa. Ƙafar ba ka ɓoye mata ba." Ya ce ba zai faɗa wa lokotoro ba har kwana bakwai. In kumburi ya ƙetare layi ko da faɗin ƙwayar hatsi, shi da kansa zai riƙe wa lokotoro ƙafar.

Rakia kullum wasa take yi da ni, irin na mata da ƙanen miji. Ran nan ba ta yi ba. Ta ce ita da ta dama masa shekara talatin ta iya ɗaure hannunta, sai ni da ko ludayi ban iya riƙewa ba. Gaskiya ce. Da ta huce sai ta ce mini ba ni kaɗai ba ne: ta tsinci ƙwallon dabino biyu ƙarƙashin matashinsa bayan tafiyar wata gwaggonmu da ta zo dubiya. Kuma ita kanta, in ya ƙara kwana goma yana kallonta da idon nan, ba ta san abin da hannunta zai yi ba. A nan na gane inda ciwon yake. Duk wanda ke son Ma'azu da hatsi yake son shi. Ba mu san wata hanyar ba.

Kwana biyu bayan haka ruwan farko ya sauka, Alƙasum ya zo. Buzu ne makiyayi, shi ke riƙe mana dabbobi. Kowane rani yana saukar da garkensa gonar Ma'azu su zuba taki, Ma'azu ya auna masa hatsi, haka ubanninmu suka yi. Yanzu shuka za ta fara, dole dabbobi su bar gonaki su yi arewa, ya biyo yin ban kwana. Ya ji labarin duka yana zaune, rawani ya rufe masa baki. Na ga kafaɗunsa suna motsi, dariya yake.

Ya ce, "Ku ba ni shi. Inda za ni, ko ɓarawo bai samun hatsi."

Ya ce su da damina buhun hatsinsu kan ƙare tun watan farko, sauran kwanaki nono ne da cuku, nama sai ran da aka yi yanka. Ba su mutu ba. Na ce to shayinku fa, da kuke narka sukari a ciki kamar za ku yi ginin ɗaki? Ya ce shayi babu sukari zalunci ne ga ganyen, amma ya ɗauki zunubin, butar Ma'azu daban.

Majo bai so ba da farko. Ya ce mai miki ba ya nisa da asibiti. Na ce a kusa da asibitin ne na ba shi hura. Ya cire tabarau ya goge. Daga baya ya yarda, da sharuɗɗa: kada su wuce tafiyar kwana biyu daga Tawa, Ma'azu kada ya taka ƙafar, a wanke ta safe da yamma da tafasasshen ruwan gishiri, a dafa ƙyallayen ɗauri, nono a auna masa sau uku, ba ya wuni yana kurɓa ba. Ya ba Rakia kwalbar tawadar ta riƙa sabunta layin. Na tambaye shi yadda za mu san halin jinin tunda ruwan shuɗi ba ya tafiya daji. Ya ce a zuba fitsarin safe cikin tsingaro a ajiye kusa da ramin kiyashi, in da sukari za su taru a kai. Su ma ma'aikata ne, in ji shi, kuma ba a haɗa baki da su.

Wanda ya ƙi shi ne Ma'azu. Ya ce ƙasa ta jiƙe, iri na jiransa, tun yana da shekara bakwai damina ba ta taɓa samunsa nesa da gona ba. Sarkin Noma ya bi raƙuma lokacin shuka, mi za a ce?

Na ce, "Gona ba ta gudu, Yaya. Ƙafa in ta tahi ta tahi. Ka taɓa ganin mai sanda a hammata yana jan hauya?"

Bai ƙara yi mini magana ba a ranar. Da gari ya waye ya ce wa Rakia ta faɗa wa dillalin can a kawo raƙumi. Rakia ta fito da ƙaramin turminta za ta ɗaura cikin kaya. Alƙasum ya tambaye ta abin da za ta daka. Ta tsaya riƙe da shi, sannan ta kife shi gindin bangon ɗakin matata, ta hau raƙumi.

Gona ta faɗo kaina, ni da na gudu kasuwa tun ina saurayi don na ƙi noma. Na kira gayya, mutane suka fito saboda Ma'azu, ba saboda ni ba. Hannuna ya yi kanta. Ba shi ne labarin ba.

Bayan kwana ashirin na hau jaki na bi su. Na same su arewa da Affala, wani kwari mai tafki, ciyawa ta fito kamar an shimfiɗa. Ma'azu na kwance ƙarƙashin bukkar fata, ƙafa bisa sirdin raƙumi. Ya amsa gaisuwata a gajarce. Rakia ta ɗaga ƙyallen: kumburi ya ja baya daga layi da faɗin yatsa guda. Kiyashi kuwa suna zuwa tsingaron, sai dai ta ce da farko baƙi ƙirin yake yi da su, yanzu ana iya ƙidaya su. Ta ce kwana goman farko ya zage ta, ya zagi Alƙasum, ya zagi raƙuma, ya ce ko tsakuwa ce a daka masa. Babu abin dakawa, babu turmi. Ya gaji ya ci cuku.

Zuwa na biyu, hatsi ya fara ɗaukar ciki. Na iske wani mutum zaune bakin bukka yana gyaran igiya, sai da ya ɗago na gane shi. Ya rame, amma ba ramar da ba. Idonsa ya washe. Babu tulu a gefensa. Ya ce ƙishirwar ta tafi ba ta yi sallama ba, kuma hazon da yake gani, wanda ya ɗauka tsufa ne, ya yaye, yanzu yana gane tambarin raƙumi daga ƙetaren tafki. Sannan ya tambaye ni gona, fegi-fegi, wanda na yi wa maimai da wanda ban yi wa ba. Ya ce na ɓata ta gabas. Na ji daɗin faɗan.

Da safe na ce ni zan kai tsingaron. Na ajiye shi taki guda daga ramin, na tsuguna. Kiyashi suka fito a layinsu. Na farko ya hau bakin tsingaron, ya taɓa, ya tsaya, ya juya. Na biyu haka. Layin ya karkata ya zagaye tsingaron kamar ruwa ya gamu da dutse, ya wuce wajen wata matacciyar fara. Na jira. Babu wanda ya dawo.

Na ce a raina wataƙila kiyashin arewa ba su san sukari ba. Na je na roƙi Alƙasum ɗan ɓarɓashi, ya ba ni yana gunaguni, na ajiye gefen tsingaron. Kafin in gyara tsuguno ya yi baƙi da su. Ga sukari suna hawan juna, ga tsingaro tazarar yatsa uku, ko ɗaya babu a kansa.

Ban san tsawon zaman da na yi ba, sai da rana ta fara cin ƙeyata. Halittar da ba ta kai ƙwayar hatsi ba ta san abin da ke cikin jinin yayana, ni da muka sha nono guda ban sani ba. Kuma abin da ta faɗa shi ne abin da ruwan Majo ke faɗa a Tawa, tafiyar kwana biyu, ba su taɓa ganin juna ba. Na yi tasbihi, ni da ba na cika yi ba. Rakia ta zo ta tsaya bayana da tulu a kai, ta ce, "Dillali, ka buɗe bakinsu ka ƙirga haƙora, ko ka yarda haka nan?" Na ce na yarda.

Da kaka suka sauko. Ma'azu ya sauka daga raƙumi bakin asibiti ya shiga da ƙafarsa, cikin faffaɗan takalmin fata da Alƙasum ya sa aka yi masa. Majo ya ba shi kwalba, ya bi shi har bayan bango ya tsaya, ya ce saboda dillalai. Muka shiga ɗakin mu huɗu. Ruwan ya tafasa bisa wuta, ya tafasa, shuɗi. Rakia ta zauna ƙasa inda take tsaye. Lokotoro ya zo ya danna tabon da babban yatsa, tabo kamar faɗin tamma, ƙaramin kuɗin ƙarfe, ya dubi inda layin tawada ya dushe, ya faɗi wata magana gajera. Majo ya ce wai wuƙarsa ta huta. Amma ya riƙe Ma'azu da magana kafin mu fita. Ciwon bai mutu ba, in ji shi, barci yake, kuma hatsi ne ke tashinsa. Kada ya ƙara taka ƙasa babu takalmi, kowane wata a kawo kwalba.

Saura abu guda, kuma tun a hanya nake jin tsoronsa. A garinmu ba a shan sabon hatsi sai Sarkin Noma ya sha. Ana dama hurar farko a babbar ƙwarya, gari ya taru gindin rumbunansa, ya ɗaga ludayi ya sha uku, sannan kowa ya je ya buɗe nasa. Ba a taɓa yin wata shekara ba haka ba.

Rakia ta biya gidana ta ɗauki turminta, ita ta daka, ita ta dama. Da hantsi aka taru. Aka ajiye ƙwaryar gaban Ma'azu, ƙamshin sabon hatsi da nono ya kai har inda nake. Tsofaffi sun ji labarin ciwon. Ɗaya daga cikinsu ya ce ludayi uku ba kome ba ne, al'ada ce, Allah zai kiyaye. Na san ba ukun ne abin tsoro ba, na huɗun ne, da na gobe. Ni na taɓa cewa ƙwarya guda ba ta kisa.

Ma'azu ya ɗauki ƙwaryar da hannu biyu ya kai fuska. Ya daɗe yana shaƙa. Na ga maƙogwaronsa ya motsa. Maganganu sun cika mini baki, na haɗiye su, karo na farko a rayuwata. Ya ajiye, ya cika ludayi, ya ɗaga. Sannan ya waiwaya ya neme ni cikin mutane.

"Illa ne ya noma ta bana, ko da ya ɓata ta gabas. Nono guda muka sha, cikinai cikina ne. Zo ka sha."

Tsohon nan ya ce shi dai bai taɓa ganin haka ba. Wani da ya girme shi ya ce shi ma bai taɓa gani ba, amma bai ji an hana ba. Na tsuguna gaban yayana, ya riƙe ludayin da hannunsa, na sha uku. Mata suka yi guɗa, mutane suka watse wajen rumbunansu.

Shi kuwa ya zaro cuku daga aljihu ya karya ya sa a baki, ya miƙe ya ce zai je ya ga ɓarnar da na yi a gonar gabas. Na ce a kawo jaki. Ya ce in hau abina.

Gonar da nisa, kuma hanyar rairayi ce. Na bar shi ya yi gaba, na biyo baya ina duban ƙasa. Jaki in yana ɓoye ɗingishi, mai shi zai iya rantsuwa, amma sawu na tona shi, don ƙafar da ke ciwo ba ta nitsewa kamar ƴar'uwarta. Na bi sawun Ma'azu tun daga gindin rumbu har bakin gona. Sau biyu na tsuguna na sa yatsa na auna. Na hagu da na dama zurfinsu ɗaya.